Jar Jaririyar Sadatu

Ranar Laraba ce da hantsi, cikin watan Nuwamba na shekarar 1982, wata farar fijo ta tsaya a ƙofar gidan Malam Hodi masunci a Argungu. Mata uku suka fito da ƙunshin sabulu da turamen atamfa. 'Yan barka ne daga Birnin Kebbi.

Sadatu, 'yar Malam Hodi, na zaune a ɗakin mahaifiyarta, Inna Ma'u, ta fito daga wankan jego ke nan, ga kwanon kunun kanwa a gabanta. Haihuwar fari ce, shi ya sa ta zo gida goyon ciki. Mijinta Abdussamadu ma'aikacin gona ne, tun watan Afrilu aka tura shi ƙasar Birazil kwas na noman shinkafar ban-ruwa, ana sa ransa ƙarshen mako. Shekaranjiya aka haifa masa 'ya mace, bai ma sani ba.

Sadatu baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi kamar an shafa mata mai. Abdussamadu ya fi ta. Tun tana kwalejin horon malamai a Birnin Kebbi, yana zuwa zance a kan babur, ƙawayenta ke tsokanarta cewa in suka haihu sai an kunna fitila kafin a ga ɗan.

Wadda ta fara shigowa ita ce Gwaggo Tamba, yayar mahaifin Abdussamadu. Ita ta raine shi tun yana shekara biyu da uwarsa ta rasu, bayan uban ma ya bi ta sai ta zama ita ce komai nasa. Doguwar tsohuwa ce, kullum kallabinta ɗaure tamau har ya rufe kunnuwa.

"Barkanku da arziki," in ji ta. "Ku miƙo min baƙuwar in gani, tun Ambursa nike Allah-Allah."

Inna Ma'u ta miƙa mata. Gwaggo ta buɗe zanen tana murmushi, sai murmushin ya tsaya mata a fuska.

Jaririyar ja ce jawur. Gashinta mai yawa ne, kwance luf har gefen kumatu, launinsa kamar na busasshen karan shinkafa.

"Jarirai ai duk da ja suke zuwa, Hajiya," in ji Inna Ma'u. "Ita kanta uwar haka na haife ta."

"Na sani. Ba yau na fara riƙon ɗa ba. Kunne za a duba."

Haka tsofaffin mata ke yi. Jariri kan zo da hasken fata, amma bakin kunnensa da gindin faratansa sukan riga sauran jiki yin duhu, daga nan ake gane launin da zai tsaya a kai. Gwaggo ta matsa bakin ƙofa inda rana ke shigowa, ta lanƙwasa kunnen hagu na jaririyar da ɗan yatsa. Fari ne tas. Ta buɗe 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya. Babu ko alamar duhu. Hasken ya dami yarinyar, ta buɗe ido, sai ga ƙwayar idon ba baƙa ba, wani launi tsakanin toka da kore, kamar ruwan gulbi in ya kwanta da rani.

Sai Gwaggo ta tambaya, ba tare da ta dubi kowa ba: "Wane wata anka yi bikin kamun kifi bana?"

Ɗaya daga cikin matan da suka zo tare ta faɗa mata. Gwaggo ta lanƙwasa yatsunta a hankali har ta kai tara.

"An gaya min," ta ce da Sadatu, "ke anka ɗauko daga makarantar da kike koyarwa, ki yi wa Turawan da sunka zo kallo tafinta. Kwana nawa kinka yi kina bin su bakin gulbi?"

"Hajiya Tamba, ki ji tsoron Allah," in ji Inna Ma'u. "Da mijin nata anka yi bikin nan. Shi da kansa ke kai ta yana ɗauko ta."

"Ni ban ce komi ba. Tambaya na yi. Amma gidanmu tun kakanni ba a taɓa haihuwar irin wagga ba, ku ma nan ban ga mai kama da ita ba." Ta ajiye jaririyar a kan gado, ba ta mayar wa Inna Ma'u a hannu ba. "Rago dai ba ya fitowa daga gidanmu ranar Litinin. Ku sani tun yanzu."

Sadatu ta ji kamar an tsoma ta a ruwan wankan nan tun bai huce ba. Maganganu sun cika mata baki, amma yaya za ta yi? Surukuwa ce a gabanta, ga kunyar 'yar fari, wadda ko kallonta ba a son uwa ta yi a gaban mutane. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga cikin kunun.

"Kun gani," in ji Gwaggo ga abokan tafiyarta, "ko musu ba ta yi ba."

Suka tafi da atamfofinsu kamar yadda suka zo da su.

Kafin la'asar zancen ya gama unguwar. Matan da suka riga suka yi barka suka yi ta dawowa, wannan ta ce ta manta ba ta kawo kuka ba, waccan ta ce ta zo aron turmi, kowacce kuma sai ta leƙa kunnen jaririya. Malam Hodi ya daina zama a rumfar masunta. Sai ya shimfiɗa taru a zaure yana ɗinkin inda bai yage ba.

Ranar Juma'a ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, bai shiga ba.

"Sadatu."

"Na'am, Baba."

"Tambaya guda zan yi miki, ba ni ƙarawa."

"Baba, wallahi ban san wani namiji ba sai shi."

"Shi ke nan. Ci abincinki."

Ya koma zaure. Amma ta san yardar uba ba ita ke riƙe aure ba. In Abdussamadu ya ɗauki maganar matar da ta goya shi, aurenta ya mutu, kuma yarinyar nan za ta tashi babu sunan uba, a garin da kowa ya san kowa.

Idan ɗakin ya zama babu kowa, sai Sadatu ta ɗauki 'yarta ta ƙura mata ido. Tsoro na nan, amma akwai wani abu da ya fi tsoron. Ta ɗora baƙin hannunta a kan jan cikin jaririyar, ta ga kamar an ajiye gawayi a kan ƙwarya sabuwa. Wata tara wannan halitta na cikinta, da abincin da ta ci aka gina ta, amma ga ta ta fito da idon da Sadatu ba ta taɓa gani a fuskar kowa ba.

"Ke kuwa daga ina?" takan raɗa mata. "Wa ya aiko ki gare ni?"

Ranar Asabar bayan la'asar ta ji ƙarar babur ɗin da ta sani. Ta ji sallamarsa a zaure, ta ji sun daɗe suna gaisawa da Malam Hodi. Inna Ma'u ta ɗauki buta ta fice ta bar musu ɗakin.

Ya shigo da jaka a kafaɗa, ya ɗan rame, ga wata hular kaba mai faɗin baki a hannunsa.

"Malama Sadatu, sannu da aiki."

"Sannu da zuwa, Malam. Ka biya ta gida?"

"Na biya. Tun kafin in cire takalmi aka ba ni lakca ta awa biyu." Ya zauna a bakin gado. "Ina take?"

Ta nuna masa da ido. Ya ɗauke ta, ya buɗe zanen. Sadatu ta kafa wa fuskarsa ido tana jiran abin da ta gani a fuskar Gwaggo. Yarinyar ta yi hamma, ta buɗe idanun nan nata ta dube shi.

"Allahu akbar," ya ce a hankali. "Har nan kika biyo ni?"

Ya kai bakinsa kunnenta ya yi mata addu'a, ya daɗe yana yi. Da ya ɗago, idonsa ya kawo ruwa, amma dariya yake.

"Malam, ba ka tambaye ni komai ba."

"Me zan tambaya? Shekara huɗu ina bin ki kafin ki yarda ki karɓi ko kwalbar lemo daga hannuna. Ni zan zo yau in tambaye ki?"

Nan kukan da ta riƙe tun Laraba ya ɓalle. Ya bar ta ta yi mai isarta, yana jijjiga jaririyar yana ce mata, "Kin ga mamanki, hedimasta guda tana kuka."

"Ni ba hedimasta ba ce."

"Saura kaɗan."

Da ta natsu ta ce, "Amma ni kaina ban gane ba. Daga ina ta samo wannan launi?"

Ya buɗe jakar ya ciro hoto mai kala, babba, ya miƙa mata. Mutane ne kusan ashirin a bayan wani dogon tebur a gindin bishiya. Abdussamadu na tsaye a gefe da hularsa ta kaba.

"Taron ma'aikata ne?"

"Gida ɗaya ne. A nan aka sauke ni. Kin ga wannan tsohon na tsakiya? Baba Zuze, mai gidan."

Baƙi ne wuluk, da farin gemu. Da za a sa masa babbar riga a zaunar da shi a rumfar masunta, ba wanda zai tambaye shi daga ina.

"Kakanninsa bayi ne, daga wannan ɓangaren namu aka kwashe su a jirgin ruwa. An gaya min cikin waɗanda aka kai can har da Hausawa. Wannan farar ta kusa da shi matarsa ce, kakanta daga Jamus ya je neman ƙasar noma. Waɗannan huɗun 'ya'yansu ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Sadatu ta bi su da yatsa. Ɗaya baƙi kamar uban. Ɗaya wankan tarwaɗa. Ɗaya fara da gashi kamar zinariya amma da hancin tsohon sak. Ɗaya ja kamar Bafillace.

"Wannan mai ƙananan idon fa?"

"Matar babban ɗan. Iyayenta daga Japan suka je. Wancan mai gashin baki mijin 'yar autar ne, kakansa Kwara ne, daga Labanan, irin masu kantin yadin nan na Sakkwato. Ga kuma wata tsohuwa can baya, ita nata kakannin ba su zo daga ko'ina ba, su aka tarar a ƙasar." Ya girgiza kai. "Sadatu, ranar da na fara shiga kasuwarsu tsayawa na yi kamar baƙauye ya shigo birni. Duk launin da Allah ya yi wa ɗan Adam yana nan, harshe ɗaya suke yi, layi ɗaya suke bi na burodi. Ba wai babu masu raina baƙi ba, akwai su, na gamu da su. Amma a teburin tsohon nan ban taɓa jin an tambayi wani ina ya samo fatarsa ba."

Ya nuna wata 'yar yarinya a kan cinyar tsohon, fara sol, mai koren ido.

"Wannan ita ce ta hana ni barci. Ubanta shi ne ɗan nan baƙi. Uwarta ga ta nan, ita ma baƙa. Na tambayi Baba Zuze, da ɗan guntun yarensu da na koya, yaya aka yi haka. Ya yi dariya har da tari. Ya ce jini kamar gulbi yake a ƙasa mai yashi, yakan nutse ya ɓace, ka yi tafiya mai nisa kana cewa ya ƙafe, sai ka gan shi ya ɓullo a gonar jikanka."

Sadatu ta dubi yarinyar hoton, ta dubi tata.

Washegari Lahadi da safe ya fita kasuwa ya dawo da farin rago da huhun goro. Bai gama ɗaure ragon ba fijon nan ta sake tsayawa a ƙofar gida. Gwaggo Tamba ta shigo tsakar gida ko zama ba ta yi ba. Sadatu na jin komai ta bayan labule.

"Abdu, ɗauko jakarka mu tahi."

Ya durƙusa har ƙasa. "Gwaggo, ki zauna ki sha ruwa."

"Ban zo shan ruwa ba. Na goya ka a bayan nan, na hana kaina aure na biyu saboda kai. Ba ni zuba ido a ɗora maka ɗiyar wani."

"Na sani, Gwaggo. Ba ni da uwar da ta wuce ki. Amma dubi wannan."

Ya miƙa mata hoton, ya yi mata bayani kamar yadda ya yi wa Sadatu. Matan maƙwabta da suka shigo taya aikin suna suka bar turmi suka kewaye su. Hoton ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu.

"Wai duk ɗiyan tsohon ga ne?"

"Ikon Allah. Dubi wagga, kamar an wanke ta da nono."

"Shi kuwa tsohon, wallahi kamar Hodi."

"Ke dai ki ce kina so, a aika miki da shi," in ji wata, aka kwashe da dariya.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta riƙe hoton nesa da ido ta daɗe tana kallo, sannan ta mayar masa.

"Na gani. Abin mamaki ne, ban musa ba. Amma can ƙasarsu ce, kai da bakinka ka ce jirage sunka yi ta kai musu mutane daga ko'ina. Mu nan wane jirgi ya taɓa zuwa Rima in ba kwalekwalen Hodi ba?"

"Raƙuma sun zo, Gwaggo. Ayarin gishiri, da fatake, da mahajjata, da masu gudun yaƙi. Wa ya san wanda ya sauka bai koma ba?"

"Ni na sani. Na san gidanmu."

"To ni ma na san matata." Ya faɗa a hankali, kansa a ƙasa. "Gobe za a raɗa suna in Allah ya kai mu. Kuma kin san gwaggon uba ke riƙe jariri wanzami ya yi aski. Ba wadda za ta riƙe ta sai ke."

"Sai ku nemi wata."

"Ba za mu nema ba. In ba ki zo ba, ni da wanzami muna nan zaune har rana ta faɗi."

Ta juya ta fita. Sai dai ba ta koma Birnin Kebbi ba, direban ya ce ta sa ya sauke ta a gidan wata ƙawarta a cikin gari.

Litinin da sassafe maza suka taru a ƙofar gida. Ba su kai yawan da ake tsammani ba, daga dangin ango mutum biyu kawai suka zo. Aka raba goro, aka yanka rago. Liman ya yi addu'a, ya ɗan tsawaita, ya tunatar da jama'a cewa bambancin harsuna da launukan mutane yana cikin ayoyin da Allah ya ce a duba a yi tunani. Maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da suna: Maryamu.

Inna Ma'u ta dubi 'yarta da mamaki. Maryamu shi ne sunan yanka na Gwaggo Tamba.

Wanzami ya shigo ya shimfiɗa tabarma a inuwar durumi, ya wasa askarsa, ya zauna. Hantsi ya yi. Aka soya hanta aka kai wa mai jego. Rana ta take tsaka.

"Alhaji ƙarami," in ji wanzamin, "ina da wani sunan a Augie fa. Ga mata nan cike da gida, kowacce ta iya riƙon jariri."

"Ƙara masa nama," in ji Abdussamadu.

A ɗaki Sadatu ta ce masa, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, ka bar Inna ta riƙe ta. Mutane na kallonmu."

"In wata ta riƙe ta yau, Gwaggo ba za ta ƙara taɓa ta ba har abada. Na san halinta. Ki ƙara haƙuri kaɗan."

Ana kiran azahar sai ga sallama. Gwaggo Tamba ta shigo ita kaɗai, fuskar nan a murtuke.

"An ce ka ɗaure wanzami tun safe kamar akuya," ta ce da Abdussamadu. "Na zo ne don kada a ce ɗan da na raina ya tozarta. Ba don na yarda ba. Kuma wa ya ce ka sa mata sunana?"

"Ba ni da wani sunan da ya fi shi, Gwaggo."

Ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa. Aka ɗora mata jaririyar a cinya, ta riƙe ta tana kallon katanga. Wanzami ya jiƙa gashin da ruwan sabulu, ya yi bisimilla, ya fara daga hagu. Jan gashin na zuba a ƙwarya. Sadatu na leƙe ta gefen labule, ta manta da kunya.

"Juya min ita, Hajiya."

Gwaggo ta juya kan yarinyar, dole ta sunkuya ta tallafe shi. Aska ta share gashin da ya kwanta a gaban kunnen dama. Sai Sadatu ta ga hannun tsohuwar ya tsaya cak.

"Dakata," in ji Gwaggo.

A daidai inda kunnen ya haɗu da fuska akwai 'yar huda ƙarama, kamar an soka tsinin allura.

"Wannan ba komi ba ne, Hajiya," in ji Inna Ma'u. "Da ita anka haife ta, kullum ina gani wajen wanka."

Gwaggo ta sa hannu ɗaya ta kwance kallabin nan da ba wanda ya taɓa ganin ta cire a gaban mutane. Ta juya kunnenta na dama. Ga hudar nan, a wuri ɗaya, ba bambanci.

"Ni da uban Abdu duk muna da ita," ta ce, muryarta kamar ba tata ba. "Babanmu ma haka. Abdu, zo nan." Ta kama kunnensa ta duba kamar yana ɗan yaye. "Kai ba ka da ita. Ta tsallake ka. Ta tsallake ka ta faɗo kan wagga."

Jaririyar ta buɗe ido tana kallon tsohuwar, tsohuwar na kallonta.

"Na san idon ga," ta ce. "La'ilaha illallahu. Na san shi."

"A ina, Gwaggo?"

"Ina 'yar ƙarama, akwai wata tsohuwa a ɗakin bayan gidanmu, kusa da turken awaki. Ba'azbina muke ce mata. Ja ce, duk da tsufa, Hausarta ba ta fita sosai. Takan kira ni ta ba ni dabino daga bakin zanenta. Mun ɗauka baiwar gida ce kawai." Ta share ido da kallabin. "Ranar da ta rasu na ga babanmu ya shiga ɗakin nan yana kuka kamar yaro. Na tambayi innata, tac ce in rufe bakina, uwarsa ce. Da ayarin gishiri anka zo da ita tana budurwa, kakanmu ya saye ta. Uwargida ta karɓe ɗan tun yana jariri, da yake ya biyo baƙin ubansa ba wanda ya ƙara tada zancen. Ni ma ban ƙara ba. Shekara sittin ban tuna fuskarta ba sai yanzu."

Ta shafa kan jaririyar, rabi a aske rabi da gashi.

"Ashe kina nan. Mun rufe ki a ɗakin baya, kin zagayo kin shigo ta ƙofar gaba."

Matan tsakar gida suka yi ta salati ƙasa-ƙasa. Wanzamin ma ya ajiye askarsa. Abdussamadu na durƙushe. Ya ƙetare teku ya ga abin, ya dawo yana ba da labari, ashe yana kwance a bayan gidan da ya girma.

"Sadatu," Gwaggo ta kira. "Fito."

Ta fito da lulluɓi, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Matso. Na ɗora miki abin da ya fi dutse nauyi, a gaban uwarki, jikinki ko warkewa bai yi ba. Kinka yi shiru don kunyata, ni kuwa na mai da shirunki shaida. Ki yafe min."

"Gwaggo, ba komai. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

"Da komi." Ta juya ga matan. "Ku da kunka yi ta zaryar leƙen kunne, ku ji da kyau. Na ce na san gidanmu, ashe kakata ma ban sani ba. Kowa a nan bai san iyakar waɗanda sunka taru anka yi shi ba, Allah kaɗai ya san su, shi ke fito da wanda ya ga dama a lokacin da ya ga dama. Kada wadda ta ƙara zargin ɗiyar mutane a kan abin da idonta bai gani ba. Wagga yarinya ta yi haƙuri, ga shi Allah ya wanke ta da hannun da ya shafa mata baƙi." Ta dubi wanzami. "Kai kuma mi kake jira? Ka bar min takwara da rabin kai?"

Dariya ta ɓarke, wata ta rangaɗa guɗa, aka koma kan turmi.

Da Sadatu ta yi arba'in, Gwaggo Tamba ce ta zo da kanta ta ɗauke ta zuwa Birnin Kebbi, da atamfofin nan da wasu a kai. Maryamu ta tashi ja mai koren ido, ana kiranta Azbina. Bayan shekara biyu aka haifa mata ƙane, Sama'ila, baƙi kamar ubansa, ba shi da huda a kunne. Hoton gidan Baba Zuze yana rataye a ɗakin Gwaggo har ta rasu.